Masuncin da Ya Ƙi Wanke Ragarsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin tafki, sunansa Jatau. Masunci ne, ɗan masunci, jikan masunci. Ya iya riƙe filafili tun kafin ya iya ɗaura wando. Ya san tafkin nan kamar tsakar gidansu, ya san inda tarwaɗa take ɓuya, ya san inda ruwa yake da zurfin da gora ba ta taɓa ƙasa. In ya dubi fuskar ruwa da safe, yakan faɗi irin iskar da za a yi da yamma, haka kuwa za a yi.

A zamanin ubansa, in aka ja taru sau ɗaya sai an kira mata su zo da kwanduna. Amma masu kamu suka yi yawa, kowa ya shiga kwashe manya da ƙanana, har tafkin ya gaji. Jatau yakan fita da sassafe ya dawo da rana tsaka da abin da bai cika ƙwarya ba. Abokansa suka riƙa tafiya birni ɗaya bayan ɗaya, wani dako, wani turin baro. Ƙanensa ma ya tafi, daga baya ya aiko masa da saƙo cewa ya samo masa aikin gadi a wani gidan ajiye kaya, an kuma yarda a riƙe masa gurbin har ƙarshen bazara. In bazara ta wuce bai zo ba, za a ba wani.

Jatau bai so tafiyar nan ko kaɗan. Ya ce wa matarsa Tabita, "Maman Lami, mutumin da ya yi shekara hamsin yana kallon ruwa, shi ne zai koma kan benci yana kallon ƙofar wani?"

Tabita ta ce, "To, Baban Lami, kallon ruwa ba ya cika tukunya. Ka je ka ga Barnaba mana."

Barnaba kuwa taubashin Jatau ne, ɗan ƙanwar babansa. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi manomi ne, bai ma iya iyo sosai ba. Wata shekara tafkin ya cika ya cinye gonarsa ta fadama, ruwan kuma bai koma ba. Da ya rasa gona, sai ya bi wani malamin gona ya koyi kiwon kifi a keji. Shekara uku ke nan yana yi, ya rufe ɗakinsa da kwano, 'ya'yansa ba a ƙara koro su daga makaranta ba.

Kejin nan ba irin na tsuntsu ba ne. Ana ɗaure duro-duro marasa komai a jikin katako, su yi kusurwa huɗu suna yawo a kan ruwa. A rataya raga a tsakiya ta sauka ƙasa kamar babban buhu, zurfinta tsawon mutum biyu. A ɗaure manyan duwatsu da igiya a sake su ƙasa don kada iska ta tafi da kejin. Sa'an nan a zuba 'ya'yan karfasa, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, a yi ta ba su abinci wata shida har su isa sayarwa.

Jatau ya tuƙa jirginsa ya iske Barnaba a kan katakon kejinsa. Ya ce, "Sannu da aiki, Mai Fartanya. An ce ka koma noman ruwa."

Barnaba ya ce, "A'a, Sarkin Ruwa da kansa! Ina kifin yau? Ko talakawan naka sun yi maka tawaye?"

Suka yi dariya. Jatau ya ɗaure jirginsa ya hau, ya ce, "Bar wasa. Gaya mini gaskiya, akwai riba a abin nan?"

Barnaba ya ce, "Akwai. Ka ga mai kiwo a rami, sai ya haƙa, ya sayi injin ban ruwa, ya sayi mai, kullum yana canja ruwa. Ni kuwa tafki ne yake canja mini ruwa dare da rana, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Inda kuɗi yake tafiya shi ne abinci. In na kashe naira uku, biyu na abincin kifi ne. Buhun da ya shiga cikin kifi ya zama nama, shi ne ribarka. Wanda ya bi ruwa, ya tafi ke nan."

Maganar nan ta shiga kunnen Jatau ta zauna daram. Barnaba ya ci gaba da bayani, ya ce a riƙa ba su abinci sau uku a yini, a kula da igiyoyi, kowane mako kuma a wanke raga. Amma Jatau ya riga ya tafi lissafi a zuciyarsa. Cikin naira uku, biyu abinci. Abin da ya ɗauka ke nan ya koma gida da shi.

Ya sayar da babban tarun da ya gāda wurin ubansa. Tabita ta sayar da awakinta huɗu ta miƙa masa kuɗin, ba tare da ya roƙa ba. Suka haɗa keji ɗaya, ya kafa shi ba nisa da na Barnaba, ya zuba 'ya'yan karfasa dubu uku. Abin da ya rage ya sayi buhunan abinci da shi, ya jera su a ɗaki a kan katako. Duk abin da gidan yake da shi yana cikin kejin nan da buhunan nan. In kifin ya yi, sun zauna. In bai yi ba, sai benci da ƙofar wani.

Watan fari komai ya tafi daidai. Abu ɗaya ne kawai yake ci wa Jatau rai. In ya watsa abinci, ƙwayoyin sukan yi yawo a kan ruwa, kifinsa su yi ta wawaso, amma kaɗan daga ciki ruwa yakan ja su su fita ta idanun raga. A waje kuwa ƙananan kifayen tafki sun gane wurin, sun taru kewaye da kejin suna jira kamar 'yan biki. Jatau yakan ɗauki filafili ya yi ta dukan ruwa yana korarsu.

Barnaba ya hango shi ya ɗaga murya ya ce, "Sarkin Ruwa, yau kuma talakawa ake duka? Me suka yi?"

Jatau ya ce, "Ɓarayi ne! Awakin matata suke ci ina kallo."

"Ɗan abin da suke tsinta bai kai cikin tafi ba. Ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan, ka bar su."

"Kai ne ka ce wanda ya bi ruwa ya tafi."

"Na faɗa. Na kuma faɗi wata magana bayanta, ka ji ta?"

Jatau yana can yana dukan ruwa.

Da aka shiga wata na biyu, sai gansakuka ta fara kama ragar, wato koren abin nan mai santsi da yake fitowa a jikin duk abin da ya daɗe a ruwa. Da fari siririya ce kamar gashi. Sannu a hankali ta yi kauri, laka ta manne mata, 'yan ƙananan katantanwa suka zo suka zauna, idanun ragar suka fara toshewa.

Ga abin da Jatau bai sani ba, ba kuwa don wauta ba. Ragar masunci ba ta daɗewa a ruwa. Ana jefa ta, a jawo ta, a shanya ta a rana a kan yashi. Saboda haka duk tsawon shekarunsa bai taɓa ganin gansakuka ta kama raga ba. Aikin raga da ya sani shi ne ɗinke inda ta yage. A wurin masunci, raga mai kyau ita ce wadda ba abin da yake fita ta cikinta. Barnaba kuwa manomi ne, in ya ga kore ya fito inda bai shuka ba, hannunsa yakan yi ƙaiƙayi. Kowace Asabar yakan jawo gefen ragarsa da ƙugiya, ya goge da buroshi, ya saki, ya jawo wani gefen, har rana ta yi tsaka.

Wata safiya Jatau ya watsa abinci ya tsaya yana kallo. Ƙwayoyin suka je bakin raga suka tsaya. Ko ɗaya ba ta fita ba. 'Yan bikin nan na waje suka yi ta zagaye, ba su sami komai ba, bayan kwana kaɗan suka daina zuwa. Jatau ya koma gida yana murna, ya ce wa Tabita, "Allah ya yi mini katanga kyauta. Yanzu abin da na zuba nawa ne, ba mai taɓa shi."

Ran Asabar Barnaba ya zo wucewa, ya sa hannu ya shafa ragar Jatau, ya ɗago hannun kore shar. Ya ce, "Kai, taubashi, gonarka ta yi ciyawa. Yaushe rabonka da wanki?"

"Wane wanki? Raga a cikin ruwa take, wane wanki kuma take nema?"

"Ta toshe fa."

"Na sani. Shi ya sa buhuna yake kai kwana goma, naka yana ƙarewa a kwana takwas. Yi lissafi, Mai Fartanya."

Barnaba ya ce, "Jatau, ta inda abincin nan yake fita, ta nan ruwa yake shiga."

Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya ce, "Dubi ruwa. Tun daga nan har inda ido ya tsaya ruwa ne. Kifi a tsakiyar tafki zai rasa ruwa? Ran da na zo koya maka kaftun gona, ka zo ka koya mini ruwa."

Barnaba ya girgiza kai ya tafi. Ya sake yi masa maganar sau biyu, har ya aika masa da buroshi ta hannun Tabita. Jatau ya rataye buroshin a bango.

Kifin suka yi ta girma, suka cika kejin. Aka shiga wata na biyar, bazara ta kankama. Tabita, wadda takan raka shi wani lokaci, ta ce, "Baban Lami, kifin nan ba sa wawaso kamar dā. Ruwan kuma yana ɗan wari."

Ya ce, "Sun ƙoshi ne. Ba kya ganin ba abin da yake ɓacewa? Buhu ma yanzu kwana goma sha biyu yake yi."

Sai aka yi kwana uku ba iska. Rana ta yi zafi ƙwarai, tafkin ya kwanta shiru kamar mai a kasko, ko ganye ba ya motsi a bakin gaɓa. A rana ta huɗu da safe Jatau ya tuƙa jirginsa zuwa kejin. Tun daga nesa ya hangi zalɓe biyu tsaye a kan duro, abin da ba su saba yi ba. Da ya matso sai ya ga fari-fari a kan ruwa. Kifinsa ne, manyan cikinsu, sun juya ciki sama. Sauran kuwa duk sun taso, sun cika fuskar ruwa da bakuna, suna buɗewa suna rufewa kamar masu roƙo.

Ya sa hannu cikin kejin, ya ji ruwan da ɗumi, da yauƙi, da wari. Ya fitar da hannun ya sa a waje, bai fi kamu ɗaya daga ragar ba, ya ji ruwa mai sanyi, garau, har ga wasu 'yan kifaye suna wasa abinsu.

Jatau ya miƙe tsaye a kan katako ya yi kira da iyakar muryarsa. Bai ce Mai Fartanya ba. Ya ce, "Barnaba! Barnaba, ɗan'uwana, zo!"

Barnaba yana bakin gaɓa yana shirin fitowa. Ya ji irin kiran, ya san ba lafiya. Ya kira Tabita, ta shigo jirginsa da buroshin nan da ta ciro daga bango, suka iso. Barnaba ya duba sau ɗaya, bai yi wasa ba, bai kuma ce ai na gaya maka ba.

Ya ce, "Kada ka zuba musu ko ƙwaya ɗaya yau. Maman Lami, karɓi filafili ki yi ta dukan ruwan ciki, kada ki tsaya, iska suke nema. Ni zan kwashe matattun. Kai kuwa, Jatau, ragar nan ta yi nauyi, ƙugiyata ba za ta ɗaga ta ba. Sai an shiga ta ƙasa. Ni ban iya nutso ba, kai ka iya."

Jatau ya tuɓe riga, ya karɓi buroshin, ya faɗa ruwa. Ya fara da gefen da ruwan tafki yake gangarowa. A ƙasa ya ga abin da bai taɓa sauka ya duba ba. Ragarsa ta zama bango, kore, mai kauri kamar bargo. Ya goga, ya yaga da hannu, katantanwa suka yayyanke masa yatsu. Ya taso ya shaƙi iska ya koma. Da ya buɗe wuri kamar faɗin faifai, sai ya ji ruwa mai sanyi yana bi ta tsakanin yatsunsa yana shiga kejin, ba wanda ya tura shi. Ya ga kifin suna juyowa suna tururuwa zuwa wurin.

Haka ya yi ta nutso yana tasowa har rana ta take tsaka. Hannun Tabita ya yi kanta saboda filafili, ba ta tsaya ba. Can wajen la'asar kifin suka bar fuskar ruwa suka koma ƙasa, iska kuma ta ɗan taso daga gabas.

Suka ƙirga waɗanda suka mutu, suka kusa dubu, kuma mafi girma ne, gama babban kifi shi ya fi bukatar iska. Waɗanda ba su lalace ba, Tabita da matan maƙwabta suka yi bandarsu, aka sayar da araha. Sauran aka binne.

Washegari Jatau ya zauna a ƙofar gida, yatsunsa a naɗe da tsumma. Barnaba ya zo ya zauna kusa da shi. Jatau ya ce, "Na kashe tarun ubana, na kashe awakin matata. Gobe zan aika wa ƙanena in ce ina zuwa."

Barnaba ya ce, "Nawa ka zuba?"

"Dubu uku."

"Nawa suka mutu?"

"Dubu."

"To, dubu biyun da suke can suna jiran karin kumallo, wa za ka bar wa? Zalɓe?"

Tabita ta leƙo daga tsakar gida ta ce wa Barnaba, "Gaya masa dai, Baban Saratu. Ni ban sayar da awakina don in je birni in zauna a ɗaki ɗaya ba. Saura mako biyar su isa sayarwa. Baban Lami, tashi ka ba su abinci."

Jatau ya tashi. Daga ran nan kowace Asabar yana cikin ruwa da buroshi. Idanun ragar suka buɗe, abinci ya koma fita kaɗan-kaɗan, 'yan kifin waje suka dawo. Ba za a ce abin ya daina yi masa ciwo ba, yakan dube su ya yi tsaki. Amma ya koyi watsa abinci tafi ɗaya bayan tafi ɗaya, yana jira su cinye kafin ya ƙara, abin da yake fita bai taka kara ya karya ba. Kifin suka koma wawaso, buhu ya koma ƙarewa a kwana takwas, suka yi ƙiba.

Da mako biyar suka cika, 'yan kasuwa suka zo da sikeli da ƙanƙara, matan da suke suyar kifi suka zo da robobinsu. Aka ɗaga raga, aka auna. Jatau bai sami ribar da ya yi mafarki ba, dubun nan da suka mutu su ne ribar. Amma uwar kuɗinsa ta dawo, da ɗan abin da ya hau kai. Ya isa a sake zuba 'ya'yan kifi, a sayi abincinsu, a kuma ci tuwo a gida har kifin su girma. Barnaba ya lissafa masa, ya ce in dubu uku suka kai sikeli a zubi na gaba, awaki huɗu za su dawo har da ta biyar.

Da yamma Jatau ya sami mai mota da zai shiga birni, ya ce masa, "In ka ga ƙanena, ka ce na gode ƙwarai. Ka ce a ba wani aikin. Ina nan."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Tafkin nan shi ne alherin Allah. Yana kewaye da mu ta kowane gefe, ba mu haƙa shi ba, ba mu sayi injin da zai jawo shi ba, ba a kuma taɓa aiko mana da takardar biya ba. Kejin kuwa rayuwarka ce, da gidanka, da dukan abin da Ubangiji ya danƙa a hannunka ka yi kiwo. Ba laifi ba ne mutum ya nemi riba. Jatau bai yi zunubi da ya yi lissafin buhu ba, mai kiwon da ba ya lissafi ba zai daɗe ba. Inda ya ɓata shi ne, ya ɗauki rabin magana ya bar rabi. Ya ji cewa abin da ya fita asara ne, bai tsaya ya ji cewa ransa da na kifinsa yana kan abin da yake shigowa ba.

Idanun raga su ne ƙofofin da Allah ya bar mana tsakaninmu da shi, da tsakaninmu da mutane. Ta nan abu yake fita, gaskiya ne. In kana gaisawa da maƙwabci, wata rana zai zo aron gatari, wata rana kuma aron kuɗin magani. In kina zuwa zumuntar mata, za a ce a kawo mudu ɗaya domin gwauruwar da ɗanta yake kwance. In ka buɗe ƙofarka, baƙo zai zo daidai lokacin da aka sauke tukunya. In ka yafe wa wanda ya cuce ka, ka saki abin da kake da iko ka riƙe. Duk wannan fita ce, tana kuwa da ciwo, kada wani ya ruɗe ku. Amma Allah bai yi mana ƙofa biyu ba, wata ta fita wata ta shiga. Guda ce. Wanda ya toshe ta don kada a ci nasa, ya toshe ta'aziyya, ya toshe shawara, ya toshe addu'ar 'yan'uwa, har Maganar Allah ma takan zo ta tsaya a waje.

Ku lura kuma, Jatau bai tashi wata rana ya ɗinke ragarsa ba. Barinta kawai ya yi. Haka gansakuka take kama zuciya. Yau ka ga kiran ɗan'uwanka a waya ka ƙi ɗauka, don ka san abin da zai roƙa. Wani mako ka bi ta bayan gida don kada ku haɗu da wadda kuka yi cacar baki. Wani wata ka ce addu'ar safe ta jira sai ka dawo daga kasuwa. Ba ɗaya cikinsu da yake kama da babban zunubi. Abin tsoron ma shi ne, da fari sai ka ga kamar riba kake ci. Ba mai damunka, ba mai roƙonka, buhunka yana daɗewa. Kana zuwa sujada ran Lahadi, kana zaune a tsakiyar jama'a, ana waƙa dama da hagu, ka ce, ni da nake tsakiyar tafki, me zai same ni? Alhali ruwan da yake cikinka na bara ne.

Sai ranar da iska ta tsaya. Kowa yana da irin wannan rana, ko ciwo, ko rashi, ko kasuwa ta juya baya. A ranar ne ake sanin ragar da take a buɗe.

Amma ban kawo muku misalin nan don ku tafi gida da tsoro ba. Ku duba, tafkin bai ƙafe ba. Duk kwanakin da kifin nan suke shan wahala, ruwa mai sanyi yana nan kamu ɗaya daga gare su, yana jingine da ragar, yana jira. Jatau bai ɗebo shi da bokiti ba. Ya buɗe wuri kamar faɗin faifai, ruwan ya shiga da kansa. Haka alherin Yesu Almasihu yake. Bai yi nisa ba, bai yi fushi ya koma ba. Wanda ya tuba ya buɗe ko kaɗan, zai ji sanyinsa a ranar.

Wani zai ce, ni nawa ya riga ya lalace, shekarun da na yi a toshe sun kashe abu da yawa. Mai yiwuwa ne. Akwai abin da ya mutu wanda ba zai dawo ba, Jatau ma dubunsa ba su tashi ba. Amma ka ƙirga abin da ya rage. Matarka tana nan, 'ya'yanka suna nan, numfashinka yana nan. Allah bai gama da mai dubu biyu ba. In kuma yana da wani Barnaba da ya ajiye maka, mai gaya maka gaskiya ko da kana yi masa dariya, kada ka raina shi don ba sana'arku ɗaya ba, ko don ka girme shi, ko don ka riga shi shiga ikilisiya. Ka kira shi tun kafin safiyar da za ka kira shi da kuka.

Wankin nan kuwa ba na shekara-shekara ba ne, gama gansakuka ba ta hutu. Saboda haka kada mu tashi daga nan da niyya mai yawa wadda ba za ta kai Talata ba. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya. Akwai sunan da ya zo maka a zuciya tun ina magana, ka san shi, ni ban sani ba. Kafin Lahadi mai zuwa, ka je ƙofar gidansa da ƙafarka, ka yi sallama, in an ba ka tabarma ka zauna.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin yin haka. Amin.